Layin da Na Karya Gida Biyu

Makon jiya wasu samari uku suka shigo shagona a Bacirawa, kowa da laftof a jakar goyo, suna ƙamshin turare kamar masu zuwa ɗaurin aure. Bayan mun gaisa, na farkon ya ce, "Malam Hadi, kwana nawa mutum zai yi ya iya aikin kanel? Don mu rubuta kod ba ya ba mu wahala, akwai manhajar da ke yi mana."

Na ce masa kwana uku ne, in bai yi barcin rana ba. Ya ciro waya ya rubuta.

Na biyun, wanda da alama shi ne malaminsu, ya ce shi abin da ke ba shi dariya shi ne dokokin da aka jibga a kan inda za a ajiye baka da inda za a karya layi. Ya ce, "Ai duk wannan kwalliya ce, Malam. Inji bai ma san ana yi ba."

Gaskiya ya faɗa, inji bai san ana yi ba. Na haura shekara ashirin a wannan sana'a, kuma ɓarnar da ta fi kowace girma da na taɓa yi, inji ko tari bai yi a kanta ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku, ku da ire-irenku. In ya yi muku tsawo, ku ba manhajar ta karanta muku.

Kanel dai shi ne rubutun da ke can ƙasan komai a cikin na'ura, wanda ke magana da ƙarfe kai tsaye. Abin nan mai launi-launi da kuke latsawa a allo, a kansa yake zaune. Duk wani ƙarfe da aka maƙala wa na'ura, ko firinta ne ko wani ma'auni, akwai ɗan rubutun da ke tuƙa shi, muna ce masa direba. Ni su nake rubutawa. Innata har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane ɗanta yana harkar direbobi a Kano, ban kuma taɓa gyara mata ba, don na lura an fi ganin girmana a haka. Bakan da yaron yake wa dariya kuwa, irin baka biyun nan ne da malamin Hausa ya koya muku, sai dai namu mai lanƙwasa ne da ɗan tsini a ƙugu. Ɗaya ya buɗe, ɗaya ya rufe, duk umarnin da ke tsakaninsu tafiyarsu ɗaya.

Aikina na farko layi goma sha ɗaya ne. A lokacin ina ƙauyenmu, gaba da Dawakin Tofa kaɗan, inda ba wuta balle a yi maganar intanet. Kullum nakan hau motar haya in shiga birni wajen Malam Ɗayyabu, mai gyaran kwamfuta, wanda ya karɓe ni koyon aiki. Wata shida na yi kayan aikina buroshi ne da sukudireba. Ina buɗe cikin kwamfutocin ofisoshi ina kwashe yanar gizo da kashin ɓera, shi kuma yana shan shayi yana cewa ina koyon sanin ƙarfe. Sai daga baya ya ba ni wani littafi da aka yi ta yi wa hoto shafi-shafi har rubutun ya dushe, da wata tsohuwar kwamfuta mai kukan injin markaɗe. A cikinta akwai wani kati da ke haɗa ta da sauran kwamfutoci, wanda in aka cire masa waya aka mayar, sai ya yi fushi ya ƙi aiki har sai an kashe komai an sake kunnawa. Na bi diddigin abin mako uku, na gano inda direban ya yi sake, na gyara.

Gyara irin wannan faci ake ce masa, kamar na taya. Ba fayil ɗin gaba ɗaya kake aikawa ba. Layukan da ka canza kawai kake aikawa, haɗe da 'yan layukan da ke maƙwabtaka da su sama da ƙasa, don a gane inda za a manna shi. Na kwafe nawa a filofi, faifan ajiyar wancan zamanin, na je shagon intanet, na jira aka tayar da janareta, na aika. Na fito ina kallon mutanen titi ina tausayinsu, don ba su san wa ke wucewa ta gabansu ba.

Kowane sashe na kanel yana da mai tsaronsa, wanda ba abin da zai shiga sai da yardarsa. Tawa mace ce, a wata ƙasa mai sanyi, har yau ko hotonta ban taɓa gani ba. Malam Ɗayyabu ne ya sa mata suna Goggo, ya ce duk matar da ke yi wa mutum faɗa irin haka, dole 'yar'uwar ubansa ce. Bayan kwana biyu na koma shagon, na tarar da amsarta, layi ɗaya tak: bakan buɗewa a ƙarshen layi yake zama, a sake. Gyaran da na ɓata mako uku a kansa ko kallo bai samu ba.

Na sake, na aika. Ta ce tazarar da na bari a farkon layi ba da maɓallin da ya dace na yi ta ba. Na sake. Ta ce na sa wa umarni ɗaya tilo baka, a cire. Na cire. Ta ce akwai layin da ya kai harafi tamanin da ɗaya. Da ɗaya fa! Kowace amsa kuwa tafiya ce daga ƙauye, a matse ni a mota tsakanin buhun gero da akuyar wani. Na kai wa Malam Ɗayyabu ƙara, na ce matar nan ƙiyayya take min.

Ya ce, "Kai wa ka zama da za a ƙi ka? Je ka ƙirga haruffanka."

A zuwa na shida ta rubuto cewa an karɓa. Ba sannu, ba madalla.

Tunda kun ce kwalliya ce, ga kwalliyar, ku riƙe. Bakan buɗewa yana zama a ƙarshen layin da ya kira shi. Na rufewa sauka yake ya zauna shi kaɗai a layinsa, daidai ƙarƙashin inda maganar ta faro. Sai fa in maganar ba ta ƙare ba, irin a ce in kaza ne a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza, to a nan na rufewa da ci gaban maganar da sabon na buɗewa layi ɗaya suke haɗuwa. A bakin babban aiki mai suna, wanda muke kira fankshin, dokar ta juya, bakan buɗewa ne ke sauka ya kama layinsa. Kada ka tambayi dalili, haka aka tarar. Umarni ɗaya ba a sa masa baka, amma in abokin tafiyarsa ya samu, shi ma a ba shi, kada a yi rigima. Duk shiga ciki tazarar harafi takwas ce, yadda in ka ga rubutunka ya kusa faɗawa ta gefen allo, ka san tunaninka ne ya cukurkuɗe. Layi kuma kada ya wuce tamanin. Na ji yanzu an ɗan sassauta wannan, saboda ku.

Ko ɗaya a ciki ba don inji aka yi ba. Dubban mutane ne ke noma gona ɗaya, ba su san juna ba, wasu ma sun mutu sun bar aikinsu. In kowa ya ja kuyyansa yadda ya ga dama, wanda zai shigo cire ciyawa gobe ba zai san inda zai sa ƙafa ba. Yanzu nake iya faɗar haka da furfura a gemu. A lokacin abin da na gani munafunci ne. A cikin fayil ɗin da Goggo ke tsaro akwai layukan da suka miƙe suka wuce tamanin, suka wuce ɗari, sai ka ja allo gefe kafin ka ga wutsiyarsu. Dukansu saƙonni ne, irin maganar da direba ke rubutawa a littafin rahoton na'ura in wani abu ya same shi. Na taɓa aika faci na karya mata guda biyu, don in nuna ni ma na iya ƙirga. Ta mayar da shi ta ce saƙo ba a karya shi. Ban tambayi dalili ba. Na ce a raina wato doka a kan talaka take, na ƙulla abin na ajiye.

Shekaru suka tura. Na yi wa wata Hajiya a Ungogo aikin injin ƙyanƙyasar ƙwai, wadda ta kafe cewa tun da na taɓa shi zakaru suka fi kaji yawa. Na yi wa wani mai sikelin hatsi, wanda bayan na gama ya ja ni gefe ya tambaya ko za a iya koya wa sikelin ya riƙa fahimtar halin kasuwa. Ban da masu kawo min wayar matansu in buɗe musu, waɗannan har gobe suna zuwa, kuma in na ce ba aikina ba ne sai su ce to karatun nawa na mene ne.

Sai wani Alhaji mai shigo da famfon sola na ban ruwa ya ɗauke ni aiki. Kowane famfo yana zuwa da akwatin ƙarfe da ake kafawa a jikin turke kusa da rijiya. Akwatin ne ke karɓar wuta daga farantan sola, ya tuƙa famfon, ya kuma tsayar da shi in ya ga haɗari. Ba a haɗa famfon da farantan kai tsaye, ƙonewa zai yi. A cikin akwatin akwai kanel, a cikin kanel akwai direban ma'aunai, daga sashen Goggo aka kwafo shi. Aka ba ni ofis, aka ba ni kujera mai juyawa, aka ce duk rubutun da ke cikin akwatin nan ni ke da iko da shi. Kwafinmu ne, a rumbunmu yake, ba mai tsaron ƙofa sai ni.

Kwana biyu na yi ina shara. Na bi fayil ɗin nan daga sama har ƙasa, duk wani baka na sauko da shi na ba shi layinsa, yadda raina ke so tun ina saurayi. Umarni ɗaya ma na sa masa baka, wa zai hana ni? Dogayen layukan nan kuwa, su na fi jin daɗin kamawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karyawa gida biyu, kowane ya tsaya cak a tamanin kamar 'yan fareti. Ban canza ma'anar komai ba. Na gwada, akwatin ya yi aiki kamar da. Don murna har bugawa na yi a takarda, na liƙa shafi ɗaya a bangon ofis.

Famfo na huɗu da muka kafa, a gonar Baba Ayuba ne. Abokin mahaifina ne, gidansa na bayan namu a ƙauye, a kan idonsa na tashi. Shi Kirista ne, ran Lahadi sai ya biya ta gona a kan keke da rigarsa ta zuwa coci, ya leƙa shukarsa sannan ya wuce. Noman rani yake yi a wata 'yar gona mai yashi a bakin rafi, masarar gashi, wadda 'yan birni ke zuwa su saye tun tana tsaye. Da ita yake riƙe gidansa har damina ta faɗi. Yana da tsohon injin ban ruwa mai shan mai ba ji ba gani, amma dai in an ja igiya yana tashi.

Ranar da muka kafa famfon, ya zagaya akwatin sau biyu, ya ce, "Hadi, in wannan abin ya tsaya fa?"

Na ce, "Baba, abin da ke cikinsa da hannuna na rubuta."

"To injin nawa fa? In ajiye, ko in rabu da shi?"

"Ka ajiye ka yi me da shi? Rabu da wahala, Baba."

Sauran manoman da muka kafa wa, kowa na gaya masa haka, kowa ya ce to, ya tura injinsa ƙarƙashin gado. Baba Ayuba shi kaɗai ya ɗauki maganata da gaske. Ranar kasuwa ya ɗaura injin a bayan keke ya je ya sayar.

Duk lokacin sanyi famfon bai taɓa gardama ba. Sai bazara ta shigo, masara ta fara goyo, daidai lokacin da ko yini ɗaya ba ta jure rashin ruwa. Ran Litinin ya kira ni. Ya ce famfo yana tashi da safe, da hantsi ya ɗaga sai ya tsaya, ba zai sake motsi ba sai la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi. Ya ce ruwan da yake kawowa a lokacin bai wuce fitsarin akuya ba.

Na hau babur na je da laftof, na jona waya a jikin akwatin, na buɗe littafin rahoto. Saƙo ɗaya ne yake ta maimaituwa, da Turanci, ma'anarsa dai: ma'auni ya wuce iyaka, an tsayar. Bai ce wane ma'auni ba, ga su kuwa birjik a cikin akwatin, na wuta, na ruwa, na juyin famfo, da sauransu.

A sana'armu wannan ba abin tashin hankali ba ne. In na'ura ta yi maka magana, sai ka kwafi maganar yadda take, ka ba abin bincike, ya bi dukan rubutun kanel layi-layi ya nuna maka bakin da ya furta ta. Aikin minti ɗaya ne. Daga nan ka duba layukan da ke samansa, ka ga abin da ya sa ta faɗi haka. Na yi wannan ya fi a ƙirga, bai taɓa ba ni kunya ba. Na kwafa na bincika, aka ce babu. Na rage, na ɗauki tsakiyar maganar kawai, wato ya wuce iyaka, nan ma aka ce babu.

To a nan ilimi ya yi aikinsa. Na ce tunda babu shi a kanel, ba daga wajenmu yake ba. Akwai wani ɗan guntu a cikin akwatin da masu ƙera shi suka kulle, ba mai ganin rubutun cikinsa, na ce shi ne. Na kira Alhaji na zayyana masa yadda 'yan ƙasar waje suka raina mu, suna turo mana kayan da suka ƙi ci a wajensu. Na rubuta musu wasiƙa mai zafi. Suka amsa da ladabi cewa in kashe in kunna.

Ran Talata na canza wayoyi, na sa aka wanke farantan da sabulu. Da hantsi ya ɗaga, famfo ya tsaya. Na ce to rijiyar ce, ruwa ne ya ja baya famfo yana shan iska.

Baba Ayuba ya ce, "Rijiyar nan shekara tara ina aiki da ita, ba ta taɓa ja ba."

Na ce, "Baba, inji ba ya ƙarya."

Ran Laraba ya tara 'ya'yansa maza uku, suka fara tun asuba, suka yini cikin rana suna zaro bututu ɗaya bayan ɗaya. Famfo ya fito lafiyarsa ƙalau, jiƙe sharkaf. Kafin a mayar da shi rana ta faɗi, wato ranar ko ɗan ruwan safe da na yamma gonar ba ta gani ba.

Maƙwabta sun yi nasu ƙoƙarin, sun ara masa inji da yamma bayan sun gama ban ruwansu. Sai dai lokacin ana wahalar mai, galan ɗaya aka samo, ya jiƙa abin da ke kusa da rijiya ya ƙare. Matarsa, Inna Saratu, da surukanta suka koma jido da bokiti daga rijiyar maƙwabci, suna zuba wa tushe-tushe, yashi yana shanyewa kafin su juya baya. Ganyen masara ya fara nannaɗewa, da safe ya ɗan buɗe, daga baya ya daina buɗewa. Duk wucewar da Inna Saratu za ta yi da bokiti a ka sai ta ce min, "Sannu da aiki, Injiniya." Ni kuwa ina zaune a inuwar darbejiya da laftof a cinya. Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ran Alhamis na zo da sabon akwati fil daga ofis. Ya tashi, ya wuce hantsi yana aiki, har na fara gyara murya zan yi jawabi. Kafin azahar ya tsaya, da saƙon nan dai. Na dafa shi na ji kamar kaskon tuya, na janye hannu, ban kawo komai a raina ba. A bazara me ye ba shi da zafi?

A nan idona ya raina fata. Daga gindin darbejiyar na rubuta wa sashen Goggo, bayan shekaru ban leƙa su ba. Na sauke kai ƙasa, na kwafa musu saƙon, na tambaya ko wani ya taɓa ganin irinsa daga guntun da aka kulle. Da safiyar Juma'a amsa ta zo daga ita kanta. Tana nan ba ta mutu ba, ba ta kuma koyi gaisuwa ba. Ta ba ni sunan fayil da lambar layi. Ta ce saƙon nasu ne, an gyara matsalar tun bara, ga facin. Ta ƙara da tambaya guda, wai ya aka yi ban same shi da bincike ba, alhali ga shi a layi ɗaya.

Na buɗe kwafinmu. Ga shi nan, a fayil ɗin da na share. Ma'auni ya wuce, a layin sama. Iyaka, an tsayar, a layin ƙasa. Tsaf-tsaf da su, ba wanda ya haura tamanin. In na'ura za ta furta, haɗe su take ta faɗa a tare, amma abin bincike layi-layi yake dubawa, ba ya tsallaka karaya. Layi uku a saman wurin kuwa, ga kalmar zafi ɓaro-ɓaro. Ma'aunin zafin cikin akwati ne. In zafi ya haura wani mataki, tsohon direban yana karanta lambar ba daidai ba, ya ɗauka gobara ce ta tashi, ya kashe famfo alhali ba abin da ya same shi. Wannan kuskuren ba nawa ba ne, tun kafin ni yake. Nawa shi ne na toshe hanyar da aka bari a buɗe don a gan shi cikin minti ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba, kuma ni kaɗai ne a ofis.

Na ce to, a manna facin Goggo a wuce wurin. Faci ya ƙi mannuwa. Yana neman maƙwabtan layin da zai gyara yadda aka san su, ni kuwa na tashe su duka na sake musu matsuguni. Ko baka ɗaya bai tarar a inda aka bar shi ba. Facin kuma ba ƙarami ba ne, ya taɓa wurare da yawa, yana kuma tsaye a kan wasu gyare-gyare biyu da suka riga shi, su ma suka ƙi. Dole na zubar da sharar kwana biyun nan, na dawo da fayil ɗin Goggo yadda yake da dogayen layukansa, na zauna ina tsince 'yan canje-canjenmu na gaske daga cikin ɗaruruwan layukan da na motsa don su yi min kyau. Na je masallaci na dawo na ci gaba. Sai da magariba ta kawo jiki sannan abin ya haɗu. Duk tsawon yinin nan wayata tana aljihu, ban kira gona ba, don a ganina ba abin da zan faɗa sai na gama.

Ran Asabar da sassafe na sa sabon rubutun a akwatin. Hantsi ya ɗaga, famfo yana aiki. Azahar ta yi, rana tsaka, ruwa yana bulbulowa daga bututu kamar ba a taɓa yin komai ba. Yana bin magudana yana shiga gonar da fiye da rabinta ya riga ya tafi. Na taka can nesa da rijiya na ɓare goyo ɗaya. Gemun ya bushe ƙamas, totuwar fara fat, ba ko ƙwaya. Baba Ayuba bai ko dubi hannuna ba, ya riga ya sani. Yana zaune a kan wani dutse da lauje biyu a gabansa, yana wasa ɗaya.

Ya ce, "To, me ya same shi?"

Na ce, "Zafi ne, Baba. In akwatin ya ɗau zafi sai ya tsorata ya tsaya."

"Zafin me?"

"Zafin rana."

Ya daina wasa laujen. Ya dubi akwatin a jikin turke, tsakar rana, ba ko ganye a kansa.

"Da an yi masa inuwa fa?"

Wallahi har wannan lokacin abin bai taɓa zuwa kaina ba.

"Tambayarka nake, Hadi. Da na jiƙa buhu na rufa masa?"

"Da bai tsaya ba, Baba."

"Buhu."

"E, Baba."

"Yaushe ka san zafi ne?"

"Jiya da safe. Amma akwatin tun ran Litinin ya faɗa. Ni ne ban ga inda ya faɗa ba, saboda wani layi da na karya."

"Layin ya lalace ne ka karya shi?"

"A'a, lafiyarsa ƙalau. Tsawo ya yi min. Bai yi kyau a ido ba."

Inna Saratu tana tsaye a bayansa da bokitin da ba a buƙata yanzu. Wannan karon ko sannu ba ta yi min ba. Baba Ayuba ya miƙe da ƙyar, ya gwada kaifin laujen a babban yatsa, ya ce karan ko shanu sa ci kafin ya gama bushewa. Ya ɗauki ɗayan ya miƙo min, ya nuna ƙarshen gonar da haɓa.

Ya ce, "Fara daga can. Ka yanke su daidai da juna, tunda kai ka san kyau."